Tarihin Ƙara Wa Wayar Iska Nisa: Amsa Ga Mai Shagon Da Wi-Fi Ba Ya Isa Zaurensa

 Takardar da muka zaro daga jaka a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi, wanda kuma yake sayar da hatsi a shagon da ke ƙofar gidansa. Ya ce ɗansa da ke aiki a birni ya kawo musu na'urar nan ta Wi-Fi da ake kira rauta, aka sa mata layin waya, aka ajiye ta a ɗakin uwargida don kada yara su taɓa. A cikin ɗakin komai lafiya lau. Da ya fito zaure sai sabis ya fara tangal-tangal, a shago kuwa ko alama. Ga shi a shagon ne yake bukatarsa, don ya duba ko kuɗin da mai saye ya ce ya turo sun shigo, ya kuma ji farashin masara da wake a kasuwannin nesa. Wani mai gyaran waya ya ce ya kawo kuɗi masu kauri a sayo masa busta. Shi ne yake tambaya: wa ya ƙago abin nan, me ya sa ba ya nisa alhali rediyo tun daga London yake iso mana, kuma ya saya ko ya dakata?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya bar zumunci. Kada ka yi saurin kwance bakin aljihu tukuna. Damuwar nan taka ta girmi kakanka, don tun ranar da aka fara aika saƙo ta iska mutane suke fama da yadda za a ƙara masa nisa. Ka gyara zama ka ji tarihin, a ciki za ka tsinci amsarka.

Abin ya faro ne daga wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Cikin 1887 da 1888, a garin Karlsruhe, ya nuna cewa tartsatsin lantarki yana tayar da wasu igiyoyi a cikin iska waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ruwan tafki ke yin igiya in ka jefa dutse. Ya gano cewa ƙarfe yana mayar da su baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, har ya lanƙwasa fallen ƙarfe ya tattara su ya nufar da su gefe guda. Amma duk gwajin nasa bai wuce cikin zauren makaranta ba. Ka riƙe maganar ƙarfen nan, za mu komo gare ta.

Wanda ya fitar da abin waje shi ne wani saurayi ɗan Italiya, Markoni. A saman benen gidan ubansa, kusa da birnin Bologna, ya fara, kuma shi ma da fari saƙonsa iyakarsa cikin gida, kamar dai rautar taka. Cikin 1895, yana da shekara 21, ya fito fili ya yi wata dabara mai sauƙi: ya ɗaga eriyarsa sama a kan sanda, ya binne ɗaya bakin wayar a ƙasa. Sai ya ga duk sa'ad da ya ƙara wa eriya tsawo, saƙo yana ƙara nisa. Ya tura mutanensa da na'urar karɓa bayan wani tudu, tazarar wajen kilomita 2, ya ce in saƙo ya isa su harba bindiga. Ya buga, ya saurara, sai ya ji ƙarar bindiga. Darasi na farko ke nan a tarihin wayar iska: tsayi ya fi ƙarfi araha.

Daga nan Markoni ya ƙaura Ingila cikin 1896. Cikin 1899 saƙonsa ya tsallaka ruwan da ya raba Ingila da Faransa. Daga baya ya ba da sanarwar cewa ran 12 ga Disamba 1901, yana tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, ya ji ɗigo uku na harafin S da aka bugo daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, tazarar wajen kilomita 3,500. A wannan rana ma tsayi ya nema, don wayar eriyarsa ya ɗaura wa wani abin ƙyalle da sanduna, irin wanda iska ke ɗagawa sama yara na riƙe da zare. Cikin 1902, yana cikin jirgin ruwa, ya lura saƙo ya fi nisa da dare a kan rana. Kai ma ka san wannan, don tashoshin matsakaicin zango da ba ka kamawa da azahar sukan shigo tar bayan lisha. Sai cikin 1924 wani Bature ɗan Ingila, Edward Appleton, ya tabbatar da dalili: can sama, wajen kilomita 100, akwai wani rufin iska mai lantarki wanda ke mayar da igiyoyin rediyo ƙasa. Shi ya sa gajeren zango ke tsallake hamada da teku ya faɗo cikin akwatinka.

Duk da wannan baiwa ta Allah, manyan gidajen rediyo ba su dogara da ita kaɗai ba. BBC, wadda ta fara shirin Hausa cikin 1957, ta buɗe tashar miƙa shirye-shirye a tsibirin Ascension, tsakiyar tekun Atlantika, cikin 1966. Muryar Jamus ta yi irin wannan a Kigali ta ƙasar Ruwanda daga 1965 har zuwa 2015 da aka rufe tashar. Watau muryar da ka daɗe kana cewa daga London ko daga Jamus take zuwa, sau da yawa sai ta yada zango a hanya, an karɓe ta an sake cillo ta. Darasi na biyu ke nan: in tafiya ta yi nisa, a sa ɗan miƙo a tsakani.

Akwai kuma na uku, wanda dattawan birni za su iya tunawa. Kafin akwatin rediyo mai batir ya wadata, Turawan mulki sun kawo rediyo mai waya, aka fara a Legas cikin 1935, ya iso Kano cikin 1944. Tasha guda ce ke kama shiri daga iska, sa'an nan a ja waya gida-gida zuwa wani akwatin magana da ke rataye a bango. Inda iska ta gaza, waya ba ta gazawa.

To yanzu mu zo kan Wi-Fi. Rediyonka saurare kawai yake yi, ba ya mayar da amsa. Kwamfuta kuwa dole ta faɗa a faɗa mata. Waɗanda suka fara haɗa kwamfutoci da yawa ta iska su ne malaman Jami'ar Hawayi a Amurka, ƙarƙashin Norman Abramson, cikin 1971. Hawayi tsibirai ne, teku ya raba rassan jami'ar, don haka suka koma ga rediyo. Su ma sai da suka kafa 'yan miƙo a wurare masu tudu kafin su kai ga nesa.

Babbar ƙofa ta buɗe cikin 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka ta ware wasu zanguna ta ce kowa yana iya amfani da su ba sai da lasisi ba. Zangunan nan ba wanda ya damu da su a lokacin, don na'urorin masana'antu da na asibiti da akwatin ɗumama abinci duk suna zubar da hayaniyarsu a ciki. Sai dai an gindaya sharaɗi: ƙarfin na'ura kada ya wuce wat 1, kuma kowa ya haƙura da maƙwabcinsa. Sauran ƙasashe suka bi da dokoki makamantan wannan, wasu ma suka fi tsanantawa. A nan amsar tambayarka ta biyu take, Malam. Injin watsa shiri na gajeren zango yakan kai wat 250,000, rautar gida kuwa galibi wajen kashi ɗaya cikin goma na wat guda take fitarwa. Da gangan aka yi ta da ƙaramar murya. Ka dubi kasuwar ƙauyenku: dubban mutane suna ciniki a lokaci guda saboda kowa da abokin cinikinsa kaɗai yake magana. Da za a ba kowane ɗan kasuwa lasifika, da ba wanda zai ji wani.

Abin da zai ba ka sha'awa, kai da kake ɗan kasuwa, shi ne don masu shago aka fara ƙera abin. Kamfanin NCR, mai yin injinan lissafin kuɗi na kantuna, shi ya fito da wata na'ura mai suna WaveLAN wajen 1990, daga ma'aikatarsa da ke ƙasar Holan, don a haɗa injinan kanti ba tare da jan waya ba. Wani injiniyan wurin, Vic Hayes, ya shugabanci kwamitin da ya tsara ƙa'ida guda wadda duk kamfanoni za su bi, aka kammala ta cikin 1997. Cikin 1999 aka raɗa sunan Wi-Fi, a shekarar ne kuma kamfanin Apple ya fara sayar wa jama'a kwamfutar hannu mai kama shi. Ka ga ke nan ba mutum guda ya ƙago shi ba, hannu da yawa ne.

Cikin masu hannun akwai masanan ƙasar Ostareliya, ƙarƙashin John O'Sullivan, waɗanda asalin aikinsu sauraren taurari ne da manyan eriyoyi. Matsalar da suka tunkara ita ce amsa-kuwwa. A cikin ɗaki, saƙo yakan bugi bango da rufi da ƙarfe ya dawo, sai ya iso wurin mai karɓa sau da yawa a cakuɗe, kamar mai magana a cikin rijiya. Dabararsu, wadda aka ba su takardar mallakarta a Amurka cikin 1996, ita ce a rarraba saƙon ƙanana-ƙanana a kan hanyoyi da yawa a lokaci guda. Zuwa 2009 aka fito da sabuwar ƙa'ida wadda ta mayar da amsa-kuwwar nan abin amfani, shi ya sa kake ganin rautocin yanzu da ƙahoni biyu ko huɗu.

Kada kuwa ka ɗauka ƙaramar murya ba ta zuwa nesa in an iya da ita. A ƙasar Nepal, can cikin duwatsun Himalaya, akwai wani malamin makaranta, Mahabir Pun, ɗan ƙauyen Nangi. Kafin ya sami intanet sai ya yi tafiyar sa'o'i a ƙasa ya sauko bakin hanya, ya hau mota zuwa birnin Pokhara. Cikin 2001 ya yi abin da ka yi yau: ya rubuta wa gidan rediyo, watau BBC, yana neman shawara. Da aka buga labarinsa sai 'yan sa-kai daga Turai da Amurka suka zo. Tsakanin 2002 da 2003 suka yi ta gwaji da na'urorin Wi-Fi na kasuwa da farantan talabijin irin waɗanda ake kira dish, suna ɗaure su a kan itatuwa, suka kafa ɗan miƙo a kan dutse, har suka haɗa ƙauyen da birnin. Makiyaya da masu saye da sayarwa na ƙauyukan suka amfana, shi kuma aka ba shi lambar girma ta Magsaysay cikin 2007. A wannan shekarar ce, cikin watan Afrilu, wani malami a ƙasar Benezuwela, Ermanno Pietrosemoli, ya haɗa Wi-Fi tsakanin duwatsu biyu masu tazarar kilomita 382, abin da ya fi nisan Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba. Sirrinsu duka ɗaya ne: wuri mai tsayi, faranti mai tattara saƙo gefe guda irin na Hertz, da sarari fetal ba abin da ya gitta.

To Malam, mu dawo gidanka da waɗannan darussa. Igiyar gajeren zango da kake kamawa a mita 31 ko 49, tsawonta ke nan, shi ya sa katanga ba ta dame ta ba. Ta Wi-Fi kuwa wajen santimita 12 ce, ba ta kai taƙi ɗaya ba. Rufin nan na sama ba ya mayar da ita, kuma abu kaɗan ke tare ta. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye ta, balle in ta jiƙe da damina. Ruwa yana shanye ta, ko na randa ko na tanki. Ƙarfe yana mayar da ita baya. Yanzu ka tuna inda kuka ajiye rautar: ɗakin uwargida, tsakanin jeren kwanuka da samiru da akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano. Daga nan sai ta keta bangon ɗaki, da katangar tsakar gida, da zaure, da tarin buhuna, da ƙofar ƙarfe ta shago. Da ta isa ma da abin mamaki ne.

Saboda haka ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo, watau dabarar Markoni. Ka fito da ita daga ƙuryar ɗaki, ka kai ta wurin da ya fi zama tsakiya tsakanin cikin gida da shago, ka ɗora ta sama da kan mutum, kusa da taga ko ƙofar da ke duban shagon. Kada ta jingina da kwanon rufi, kada rana ko ruwan sama su same ta. In tana da ƙahoni ka miƙar da su tsaye. Ɗaga ta sama ya kuma raba ka da fargabar yara. Ka sani kuma rautar nan ƙafa biyu gare ta: da ɗaya take karɓo sabis daga ƙarfen kamfanin waya, da ɗaya take rarraba shi a gida. In ta farkon ce ta gurgunce, duk abin da ka ƙara a ta biyun aikin banza ne. Ka duba fitilun da ke jikinta, ka zaɓi inda suka fi cika. In kuwa wayarka tana nuna sunaye biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, ka zaɓi mai 2.4 in kana nesa. Mai 5 ya fi sauri amma ya fi gajiya da bango, kuma ba shi ne 5G ɗin da kamfanonin waya ke talla ba.

In wannan bai wadatar ba, sai dabarar rediyo mai waya. Akwai kebul na haɗa kwamfutoci wanda ke ɗaukar saƙo har mita 100 ba tare da ya raunana ba. A ja shi daga rautar zuwa shago, a sa wata rauta ta biyu a can, ko da tsohuwa ce, wanda ya iya ya saita ta. Wannan ita ce hanya mafi aminci a gidan ƙasa mai katangu da yawa. Sai dai ka duba bayan na'urarka ko tana da kafar kebul, don ƙananan nan na aljihu masu batir yawanci ba su da ita. A sa kebul ɗin cikin bututun roba saboda rana da ɓera, kuma ka tuna ta biyun ma tana son wuta, ko ta sola ko ta batir.

Sai ɗan miƙo, wanda wataƙila shi mai gyaran yake nufi da busta. Yana aiki, amma ka san halinsa. Ka ɗauka kana gonarka kana kiran wani da ke can nesa, sai ka tsayar da yaro a tsakiya yana ji yana maimaitawa. In ka tsayar da yaron kusa da wancan mutumin, shi ma ba zai ji ka ba, to me zai maimaita? Kuskuren da yawancin mutane ke yi ke nan, su kai na'urar su jona a ɗakin da sabis ba ya zuwa. A tsakiya ake sa ta, inda sabis ke da sauran ƙarfi, kamar zaurenka. Kuma tun da sai yaron ya saurara sa'an nan ya faɗa, kowace magana sau biyu ake yin ta, don haka saurin yakan ragu da wajen rabi. Don duba kuɗi da aika saƙo wannan ba komai. Akwai kuma masu zuwa biyu ko uku a kwali guda suna miƙa wa juna, waɗanda suka yaɗu a kasuwa daga wajen 2016. Sun fi daɗin aiki, sun kuma fi tsada.

Kafin ka biya, ka tambayi mai gyaran wace busta yake nufi. Ta Wi-Fi daban, ta ƙara ƙarfin layin kamfanin waya daban. Wannan ta biyun tana iya dagula sabis ɗin unguwa, har hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi cikin 2021 a kan sayar da ita da amfani da ita ba da izini ba. In kuma ya ce tasa ƙarfi gare ta na ban mamaki, ka tuna abu biyu. A fili ma, kafin nisa ya ninka sau biyu sai ƙarfi ya ninka sau huɗu. Sa'an nan ko rautar ta yi ihu wayarka ta ji, wayar ma sai ta mayar da amsa, ita kuwa muryarta ba ta ƙaru ba.

Ga masu son kai sabis rumfar kasuwa ko gidan gona mai nisan kilomita ɗaya ko fi, dabarar Nepal ce taku: na'urori biyu na waje masu duban juna a kan dogayen sanduna. Ku yi awon hanyar da tunanin damina, don itacen da ya kaɗe ganye da rani zai rufe hanya in ya yi kore. Kuma duk ƙarfen da aka ɗaga sama yana kiran tsawa, sai a nemi wanda ya san aiki ya ja masa waya zuwa ƙasa.

Abu na ƙarshe, Malam. Ranar da sabis ya isa shago, ya isa dakalin ƙofar gida ke nan, inda samari ke hira. In ba ka sa kalmar sirri mai wuyar cinka ba, datar wata guda sai ta ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Kada ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka, ka kuma canja wadda na'urar ta zo da ita.

Shawararmu dai ita ce ka ba kanka mako guda. Ka matsar da rautar, ka ɗaga ta, ka zaga gida da waya a hannu kana duba sandunan sabis, safe da yamma. In ta isa shago, kuɗinka sun huta, sai ka ƙara a jarin wake. In ba ta isa ba, ka riga ka san daidai inda take yankewa, ba mai sayar maka da abin da ba ka bukata. Muna jiran takardarka ta biyu mu ji yadda aka ƙare. A gaida uwargida da yara, a gaida mutanen kasuwa.